Kalmomin Turancin da ke jefa jama'a cikin bashi, ruɗani da gidan yari

A watan Nuwamban 2015 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya je Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin noman da Babban Bankin Najeriya ya raɗa wa suna Anchor Borrowers' Programme. Kalmar da ke tsakiyar sunan, wato "borrowers", ma'anarta masu cin bashi. Ba a ɓoye ta ba, tana rubuce ɓaro-ɓaro a kan kowace takarda. Amma kafin labarin ya isa fadamun Argungu da Suru, ya riga ya zama "tallafin noman shinkafa" a rediyo da bakin 'yan siyasa da majalisun hira.

Manomi ya ji an ce tallafi, ya karɓi iri da taki da injin ban ruwa, ya dangwala yatsa. A zuciyarsa, ɗan rabonsa ne daga arzikin ƙasa ya iso. Da lokacin biya ya zo, aka shiga kai ruwa rana, wasu har gaban kotu. Ba a musun cewa akwai waɗanda suka sani sarai bashi ne suka ƙi biya da gangan, akwai kuma manoman bogi da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Sai dai akwai masu yawa da kalma ɗaya ta yaudara.

Wannan ce matsalar da ba a cika tattaunawa a kanta ba. Turancin gwamnati da na banki da na kotu yana rarrabe abubuwa filla-filla, kowace kalma da iyakarta da abin da take jawowa. Idan aka zo juya su zuwa Hausa cikin gaggawa, sai a tattara kalmomi huɗu ko biyar a zuba su cikin kalma guda mai daɗin ji. Wanda ya rubuta takardar ya san abin da yake nufi. Wanda ya sa hannu ne ke kwana a ciki.

"Tallafi" ya zama buhun da ake cusa komai

A duba nauyin da aka ɗora wa kalmar tallafi a 'yan shekarun nan. "Grant" kuɗi ne da ake bayarwa ba a jiran a dawo da su. "Loan" bashi ne, ko da ruwa ko babu. "Subsidy" shi ne gwamnati ta biya wani ɓangare na farashin kaya don ya iso wa mai saye da rahusa, kamar yadda ake yi wa man fetur kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshensa ranar 29 ga Mayun 2023. "Palliative" kuwa asalinta daga harshen likitoci take, magani ne da ke rage zafin ciwo ba tare da ya warkar da cutar ba. Dukkan huɗun, a kanun labarai na Hausa, tallafi ne.

A nan ya kamata a yaba wa duk wanda ya fara fassara "palliative" da "tallafin rage raɗaɗi". Fassara ce da ta faɗi gaskiya fiye da yadda masu rabon ke so a faɗa: mudun shinkafa zai rage raɗaɗi na kwana biyu, ciwon yana nan.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tsakanin "grant" da "loan". TraderMoni, naira 10,000 da aka riƙa bai wa 'yan tireda a kasuwanni daga 2018, bashi ne marar ruwa. Kuɗin da Babban Banki ya fitar a 2020 lokacin annobar korona ƙarƙashin Targeted Credit Facility su ma bashi ne, domin "credit facility" ba ta da wata ma'ana a banki da ta wuce damar cin bashi. Dubban mutane suka cike fom a shagunan intanet suna kiransa tallafin korona. A cikin takardun akwai "moratorium", wato ɗan lokacin da ake ɗaga wa mutum ƙafa kafin ya fara biya. Shirun da aka yi na wannan lokaci ya ƙara tabbatar wa wasu cewa an yafe.

Akwai kuma wasu haruffa uku da mutane da yawa suka amince da su ba tare da sun san su ba: GSI, wato Global Standing Instruction, tsarin da ya fara aiki a watan Agustan 2020. Ma'anarsa ita ce mai cin bashi ya ba da izini tun farko cewa idan ya kasa biya, a bi lambarsa ta BVN a cire kuɗin daga asusunsa na kowane banki. Shi ya sa mutum zai wayi gari ya ga an kwashe kuɗin da aka turo masa na sayen magani ko na sarin kaya, ya ruga banki yana rantsuwa an yi masa sata. Ba sata aka yi masa ba a idon doka, shi ya sa hannu.

Yanzu ga bashin ɗalibai na NELFUND, wanda aka sa hannu kan sabuwar dokarsa a watan Afrilun 2024. Harafin L da ke cikin sunan na nufin "loan". Ba ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da kammala bautar ƙasa, amma biya ake yi. Duk kafar da ta ci gaba da kiransa tallafin karatu tana haƙa wa yaran ramin da iyayensu suka faɗa ne.

Kalmar da ta sauya kaya a Najeriya

Wani abin da ke ƙara rikita al'amari shi ne har wanda ya yi boko ba ya tsira. Turancin Najeriya yana da nasa ma'anoni, kuma duniya ta amince da su. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Najeriya, ciki har da okada da danfo da tokunbo da Kannywood. Bayan shekara biyar ya ƙara da irin su suya da japa. Abin alfahari ne, ba laifi.

Daga cikin na 2020 akwai "severally". A bakin ɗan Najeriya tana nufin sau da yawa, kamar a ce an kira mutum a waya sau da yawa bai ɗauka ba. A takardar yarjejeniya kuwa wata dabba ce daban. Idan aka rubuta cewa mutum goma sun ɗauki nauyin bashi "jointly and severally", ana nufin mai bin bashin yana da ikon ya kama su gaba ɗaya, yana kuma da ikon ya zaɓi mutum guda daga cikinsu ya ce shi zai biya duka. A bisa al'ada wanda ke da shago ko albashi ake zaɓa, don shi ne ba zai iya gudu ba. Shirye-shiryen bashin noma da na ƙananan bankuna da ke tara mutane rukuni-rukuni suna lamunce wa juna, a kan wannan ginshiƙi suke tsaye.

Haka ma "guarantor". Mutane na ɗaukarta kamar shaida, a ce ai sa hannu ne kawai don a nuna an san mutum. Shaida "witness" ne, shi aikinsa ya tabbatar an yi abu a gabansa, shi ke nan. "Guarantor" kuwa ya yi alƙawarin biya ne idan mai bashin ya gaza. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to shi wannan ko ladan bai ci ba, kunya ce ta hana shi cewa a'a.

Manhajojin ba da bashi a waya sun ƙware wajen wasa da "per month" da "per annum". Ruwan kashi 5 cikin ɗari a wata kashi 60 ne a shekara, kafin a zo maganar tarar jinkiri.

A kotu, sallama iri-iri ce

Babu inda kalma ke da tsada kamar kotu. Labari ya fito cewa kotu ta kori ƙara, magoya baya su fita da babura suna murna, bayan wata biyu a ji an dawo da shari'ar, sai a ce an sayi alƙali. Sau da yawa abin da ya faru shi ne an fassara "struck out" da "dismissed" da kalma ɗaya. Ta farko na nufin an cire ƙarar daga jerin shari'o'i saboda wata tangarɗa, kamar rashin zuwan mai ƙara ko kuskuren takardu ko rashin hurumi, ba a taɓa gundarin maganar ba, kuma galibi ana iya sake shigar da ita. Ta biyu, a mafi yawan lokuta, na nufin an rufe babin a wannan kotu, sai dai ɗaukaka ƙara.

A shari'ar laifi bambancin ya fi haka nauyi. Wanda aka ce masa "discharged" kawai an sallame shi ne, ana iya sake kamo shi gobe a kan wannan zargi. Wanda aka ce masa "discharged and acquitted" an wanke shi, kuma sashe na 36(9) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da shi kan wannan laifi, sai dai da umarnin kotun da ke sama. Irin wannan cikakkiyar sallama ce Babbar Kotun Jihar Kaduna ta yi wa Sheikh Ibrahim Zakzaky da mai ɗakinsa a watan Yulin 2021.

A kwatanta da shari'ar tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara 12 a watan Disambar 2019. A watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar saboda alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da hurumin ci gaba da zama a kanta. Rushewa aka yi saboda hurumi, ba a ce an duba hujjoji an ga babu laifi ba. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame kuma "pardon" suka samu a 2022, wato afuwa. Afuwa ana yi wa wanda kotu ta riga ta kama da laifi ne. Hanyoyi uku daban-daban ke nan na fita daga hannun hukuma, amma a majalisar mai shayi duk sunansu ɗaya: an wanke shi.

Lissafin shekarun ɗauri ma haka yake. Idan aka sami mutum da laifi biyar, kowanne shekara bakwai, alƙali ya ce su tafi "concurrently", shekara bakwai zai yi, domin tare suke gudana. Sai ya ce "consecutively" ne za su zama 35. Kanun labarin da ke tara shekarun don ya ja hankali yana sa jama'a su ga mutum ya fito da wuri su yanke cewa an yi cuwa-cuwa.

Beli kuwa Hausa ta riga ta haɗiye shi, har ba a jin baƙuntarsa. Duk da haka ana yawan ɗaukarsa a matsayin ƙarshen magana. Beli sakin wucin gadi ne bisa sharaɗin mutum zai riƙa bayyana duk lokacin da aka neme shi, kuma kuɗin da kotu ta ambata galibi ba a ajiye su nan take, alƙawari ne na abin da mai tsayawa zai yi asara idan wanda ya tsaya wa ya tsere. Jahilcin wannan ne ke ba 'yan kan-ta-waye da ke shawagi a harabar kotuna damar karɓar kuɗi daga iyalan da hankalinsu ya tashi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta kuma fayyace cewa ba a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce, ta kuma haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Mata da yawa har yau ana mayar da su gida a ce su turo namiji.

Har da abin dariya a ciki: "stay of execution" a shari'ar fili ko ta kujerar siyasa ba ta da alaƙa da rataya. Dakatar da zartar da hukunci ne kafin kotun gaba ta saurari ƙara.

Daga "inkonkulusib" zuwa ƙaramar kalmar "and"

Kanawa ba sa bukatar a tuna musu da kalmar da ta shiga bakin kowa a watan Maris na 2019, har ta zama sunan tsokana. Bayan zaɓen gwamna na ranar 9 ga wata, Abba Kabir Yusuf na gaban Abdullahi Umar Ganduje da ƙuri'a 26,655, sai hukumar zaɓe ta ce zaɓen "inconclusive" ne. Haka aka ce a Sakkwato da Bauchi da Adamawa da Filato da Binuwai. Ma'anar kalmar ita ce bai kammala ba, kuma ƙa'idar da aka dogara da ita ita ce ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba. Ana iya jayayya kan adalcin ƙa'idar, an kuma yi har Kotun Ƙoli, amma ya kamata mai jayayya ya san abin da yake jayayya a kai.

Zaɓen da aka yi ranar 23 ga Maris "supplementary" ne, wato ƙarasa abin da ya rage a wasu rumfuna a haɗa da ƙuri'un da aka riga aka ƙirga. Kafafe da yawa sun kira shi zagaye na biyu, alhali zagaye na biyu "run-off" ne, sabon karo tsakanin 'yan takara biyu idan babu wanda ya cika sharuɗɗan kundin tsarin mulki. "Rerun" sake zaɓen da aka soke ne, "bye-election" kuma cike gurbin wanda ya rasu ko ya sauka.

A 2023 kuwa ƙasar gaba ɗaya ta shafe watanni tana muhawara kan kalma mai harafi uku. Sashe na 134 ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi "and" Abuja. Shin wannan "da" na nufin dole a ci kashi 25 a Abuja ita kaɗai, ko kuwa Abuja na cikin lissafin jihohin ne? Tinubu bai kai kashi 25 a Abuja ba, don haka kujerar na iya rataya a kan amsar. Ranar 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta tsaya kan cewa Abuja tamkar jiha take a wannan lissafi. Idan manyan lauyoyi masu lambar SAN za su raba gari kan "and", ba abin kunya ba ne ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ce a fassara masa takarda kafin ya sa hannu.

Sanarwar jami'an tsaro da takardar asibiti

Sanarwar sojoji da 'yan sanda na da nata salon. "Neutralised" kalma ce da aka zaɓa don kauce wa faɗin "kashe", kuma tana iya ɗaukar wanda aka raunata ko aka kama. "Casualties" ta haɗa matattu da waɗanda suka jikkata, don haka mai fassarar da ya mayar da ita "mutum 30 sun mutu" ya kashe rayayyu da alƙalaminsa. "Rescued" da "released" ma ba ɗaya ba ne: ceto da ƙarfi daban, sako mutum bayan tattaunawa daban, kuma jama'a na da haƙƙin sanin wanne ya faru. "Suspect" wanda ake zargi ne. Ranar da aka jera shi gaban kyamara ba ranar hukunci ba ce, sashe na 36(5) na ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta tabbatar.

A asibiti kuma, musamman tun da Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, takardun sakamako sun shiga gidaje da yawa. "Positive" a hirar yau da kullum abu ne mai kyau, a gwajin cuta kuwa tana nufin an ga cutar. Amma a rukunin jini, "O positive" ba cuta ba ce ko kaɗan. "Non-reactive" albishir ne. "Blood group" da "genotype" abubuwa biyu ne daban, kuma na biyun ne ke da alaƙa da sikila: idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ba wai ɗa na huɗu ne zai zo da ita ba, kamar yadda ake yawan faɗa, kowane ciki lissafinsa sabo ne.

Wa ke da alhaki?

Ba za a ɗora wa talaka laifin rashin jin Turancin lauyoyi ba. Kundin tsarin mulki da kansa ya san da matsalar. Sashe na 35(3) ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36(6) ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta. Akwai kuma tsohuwar dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta ɗora wa marubucin takarda nauyin karanta wa mai sa hannu da yi masa bayani. Duk suna nan a rubuce, aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Ba kuma gazawar Hausa ba ce. Harshen da ya bambanta aro da rance da bashi da jingina da kyauta da sadaka da gudunmawa ba zai rasa yadda zai raba "grant" da "loan" ba. An yi aikin tattara kalmomi tun tuni: a 1991 an wallafa ƙamus na kalmomin majalisa cikin Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ya rage shi ne irin wannan aiki ya fito daga kantocin ɗakin karatu ya shiga ɗakunan labarai.

Kaso mafi girma na alhakin yana kan kafafen yaɗa labarai, domin daga wajensu jama'a ke jin kalmar a karon farko, kuma wadda aka fara ji ita ke zama. Edita ne ya kamata ya tambayi wakilinsa na kotu: korar da aka yi wa ƙarar wace iri ce, ana iya dawo da ita? Idan sanarwar gwamnati ta ce "empowerment" ko "intervention", kalmomin da ba su faɗi komai ba game da biya, aikin ɗan jarida ne ya tambaya ko za a dawo da kuɗin, yaushe, da ruwa nawa, sannan ya sa amsar a sakin layi na farko. Jimla ɗaya ce ke ƙaruwa.

Babban Banki kuma yana da ikon tilasta wa duk bankin da ke ba da bashi a jihohin da Hausa ce harshen kasuwa ya haɗa wa mai karɓa shafi guda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da abu biyar: nawa aka ba shi, nawa zai biya gaba ɗaya, ranar fara biya, abin da zai faru idan ya makara, da abin da zai hau kan wanda ya tsaya masa. A saman shafin a rubuta kalmar BASHI da manyan baƙaƙe.